Babi na Shida: Tsohon Hannun Gem da Sabuwar Kwamfuta

Na'urar da mai wasan bidiyo ke riƙewa yana danna maɓallanta domin sarrafa abin da ke motsi a talabijin, ita ce 'yan wasa a biranen Arewa ke kira hannu, wasu kuma su ce fad, kuma a cikin dukkan kayan da ake haɗawa a yi wasan babu wanda ya kai ta shan wuya, amma duk da haka sau da yawa ita ce ke saura bayan sauran sun mutu. Injin gem ɗin kansa yana da idon karanta faifai wanda ƙura da zafi ke raunanawa, yana da sashen karɓar wuta wanda hawa da saukar lantarki ke ƙonawa, alhali hannu ba shi da komai a cikinsa sai roba da maɓallai da ɗan fanel da igiyar waya. Shi ya sa a Wunti, wato yankin nan na birnin Bauchi da kasuwa da shataletale suka ɗauki sunan ɗaya daga cikin ƙofofin tsohuwar ganuwa, ba abin mamaki ba ne a tarar da tsofaffin hannaye jibge a kwali wajen mai gyaran kayan lantarki ko a tsibin kayan 'yan jari-bola, lafiyarsu ƙalau, sai dai injin da aka ƙera su dominsa ya daɗe da zama bola. Ana iya mayar da irin waɗannan hannaye bakin aiki ta hanyar haɗa su da kwamfutar zamani, kuma abin da ke sa aikin ya yiwu ko ya gagara ba siffar fulogi ba ce kamar yadda akasarin mutane ke zato, harshen da hannun ke magana da shi ne.

Abin da ya iso Bauchi

Tarihin waɗannan na'urori kamar yadda ake rubuta shi a Amurka yakan faro ne daga Atari 2600 na shekarar 1977, sannan ya gangaro kan kamfanin Nintendo, wanda ya fitar da Famicom a Japan ranar 15 ga Yulin 1983, ya kuma kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Amma abin da ya shiga ɗakunan yara a Bauchi, kamar yadda ya shiga na Jos da Gombe da Kano, galibi ba asalin waɗannan ba ne, kwaikwayon Famicom ne da masana'antun Taiwan da na Sin suka ƙera da araha, mai kaset ɗin nan da ke alƙawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye iri-iri. Ba Najeriya kaɗai abin ya shafa ba, domin a Rasha ma yaran shekarun 1990 sun tashi ne da wani kwaikwayon da aka yi wa suna Dendy. Bayan wannan sai Mega Drive na kamfanin Sega, wanda ya fito a Japan a 1988 ya isa Turai a 1990, kuma da shi mutane da dama suka san wasan dambe na Mortal Kombat.

Wanda ya kafa sana'a kuwa shi ne PlayStation na kamfanin Sony, na farko a Disambar 1994, na biyu a Maris ɗin 2000. An sayar da PlayStation 2 fiye da miliyan 150 a duniya kafin a daina ƙera shi a farkon 2013, kuma yayin da Turawa ke sauya shi da sabo, tsohon yakan biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ya ratsa kasuwanni irin su Alaba a matsayin kayan da aka yi amfani da su, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, ya hauro Arewa. Da shi aka buɗe gidajen gem masu benci da talabijin da janareta, inda wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, wanda wasu suka sani da Winning Eleven wasu kuma da Pro Evolution Soccer, ya zama abin da ake biya a buga, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. A garin da ke da ƙungiyar Wikki Tourists da filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ba sai an yi dogon bayanin dalilin da ya sa ƙwallo ta doke sauran wasanni ba. Saboda haka tsofaffin hannayen da mai bincike zai fi cin karo da su a nan iri uku ne, na kwaikwayon Famicom da na Sega da na PlayStation, kuma na ƙarshen ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba.

Yadda kowane hannu ke magana

Sandar Atari ita ce mafi sauƙi, don ba ta da wani harshe ko kaɗan. Makunnai biyar ne a cikinta, huɗu na sama da ƙasa da hagu da dama, ɗaya na harbi, kowanne da wayarsa, idan aka danna sai wayar ta haɗu da wayar ƙasa, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, injin kuma ya gane an danna.

Nintendo ya bi wata hanya mai dabara, domin hannunsa yana da maɓallai takwas amma wayoyin da ke aiki biyar ne kacal: ta kawo wuta mai ƙarfin bolt 5, ta ƙasa, da wasu uku na magana. A cikin hannun akwai ayisi, wato ƙaramin ƙwaƙwalwar lantarki mai ƙafafu, mai lamba 4021, wanda aikinsa ya yi kama da jan carbi. Injin yakan fara aika ishara ta waya ta farko, ayisin ya ɗauki halin da maɓallai takwas ɗin ke ciki a wannan lokaci ya jera su kamar ƙwayoyin carbi a zare, sannan injin ya riƙa bugun waya ta biyu, kowane bugu ya ja ƙwaya ɗaya ta fito ta waya ta uku, a bisa tsarin da ba ya sauyawa: A, B, Select, Start, sama, ƙasa, hagu, dama. Yawanci ana maimaita wannan ne sau ɗaya a kan kowane hoto da talabijin ya nuna, wato sau 50 ko 60 a cikin sakan guda. Super Nintendo na 1990 bai sauya dabarar ba, ya dai tsawaita carbin zuwa ƙwaya 16 domin ya ɗauki maɓallai 12.

Sega kuma ya ari fulogin Atari mai ƙafa tara, sai ya tarar wayoyin saƙo shida ba za su ishi maɓallai takwas ba, don haka ya sa ayisi mai lamba 74HC157 wanda ke sa wayoyin su amsa tambaya biyu. Idan injin ya ba ƙafa ta 7 wuta, hannun zai faɗi halin sama da ƙasa da hagu da dama da B da C, idan ya janye wutar kuma sai wayoyin B da C su koma faɗin halin A da Start. Da aka fitar da hannu mai maɓallan wasa shida a 1993 saboda wasannin faɗa, sai aka ƙara wata dabara a kan wannan, ta yadda sai an kunna ƙafar an kashe sau da yawa a jere cikin gaggawa kafin sabbin maɓallan su bayyana, kuma a nan ne adafta marar inganci ke tuntuɓe, mai wasa ya ga X da Y da Z sun ƙi motsi.

Hannun PlayStation ya wuce duk waɗannan, domin hira ce sosai ke gudana tsakaninsa da injin. Injin ne ke yin sallama, hannun ya amsa da lambar da ke bayyana ko shi wane ne, mai maɓallai zalla ne ko mai sanduna, sannan ya zayyano halin maɓallansa da matsayin kowace sanda a ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 255, tsakiyarsa wajen 128. DualShock, wanda ya fito a 1997, ya zo da 'yan injuna biyu masu sa hannu girgiza, na PlayStation 2 kuma ya ƙara da iya auna ƙarfin da aka danna maɓalli da shi. Abin da ya kamata mai gyara ya riƙe shi ne wutar wannan hannu iri biyu ce, ta ƙwaƙwalwarsa wadda ba ta kai bolt 4 ba, da ta girgiza wadda ta haura bolt 7.

Ƙofofin kwamfuta

Ita ma kwamfuta ta taɓa samun ƙofar wasa tata, mai rami 15, wadda IBM ya fito da ita a 1981, daga baya ta koma jikin katin sauti, har zuwa lokacin da Microsoft ya daina tallafa mata a Windows Vista. Akwai kuma ƙofar firinta mai rami 25, wadda masu sha'awa a ƙarshen shekarun 1990 suka gano za a iya jona mata hannun Nintendo ko na PlayStation kai tsaye da 'yan wayoyi. Duka biyun sun ɓace daga kwamfutocin yau, wadda ta gaje su ita ce USB, da ta fito a 1996 bayan kamfanoni irin su Intel da Microsoft da IBM da Compaq sun haɗa kai a kanta.

A tsarin USB akwai wani rukuni da ake kira HID, wanda ya ƙunshi na'urorin da mutum ke ba kwamfuta umarni da su, kamar allon rubutu da linzami da hannun gem, kuma ƙa'idar rukunin ita ce duk na'urar da aka jona sai ta gabatar da kanta, ta faɗi yawan maɓallanta da sandunanta da yadda za ta riƙa jero bayaninsu. Wannan ne dalilin da ya sa ake jona sabon linzami ya kama aiki nan take ba tare da an loda wata manhaja ba. Tsohon hannu bai san wannan gabatarwa ba, kwamfuta kuma ba ta san jan carbin Nintendo ko tambaya biyun Sega ba, don haka yanke fulogin tsohon hannu a ɗaura masa kan USB, abin da masu ƙaramin sani kan gwada, ba ya haifar da komai sai asarar igiya. Abin da ake buƙata tafinta ne, wato ƙaramar kwamfuta a cikin ayisi guda wadda ta wani ɓangare take kwaikwayon tsohon injin tana yi wa hannun tambaya da harshensa, ta ɗaya ɓangaren kuma take gabatar da kanta ga kwamfuta a matsayin hannun zamani. Duk abin da ake sayarwa da sunan adafta ko kwanbata na hannun gem, wannan ne a cikinsa. Sanannen hannun da ya kuɓuta daga wannan ƙa'ida shi ne na Xbox na farko, na 2001, wanda a ciki USB ne aka sauya wa siffar fulogi, ko da yake shi ma yana neman direba, wato manhajar da ke koya wa kwamfuta sarrafa wata na'ura.

Adaftar da ta fi yawo a kasuwanni ita ce mai rami biyu ta hannun PlayStation, kuma tana yin aikin da ya dace da kuɗinta, amma araha ba ta ado. Tun da bolt 5 kawai USB ke bayarwa, girgizar hannun takan yi rauni ko ta ɓace gaba ɗaya, auna ƙarfin dannawa kuma galibi ba ya ƙetarewa. Sau da yawa sandunan ba sa motsi sai an danna maɓallin ANALOG jar fitilarsa ta kama, abin da ya sa aka sha mayar wa mai shago da kaya lafiyayye a kan cewa ya lalace. Babbar matsalar kuwa a manhaja take: tsohuwar hanyar da Windows ke karanta hannu ana kiranta DirectInput, sai a 2005, tare da fitowar Xbox 360, Microsoft ya kawo wata mai suna XInput, kuma wasannin kwamfuta da yawa na bayan nan ita kaɗai suke ji. Adafta mai araha da tsohuwar take magana, saboda haka kwamfuta za ta ga hannun amma wasan ya ƙi ganinsa, har sai an sa wata manhaja a tsakani, irin su x360ce ko tsarin daidaita hannu na Steam, ta zama tafinta na biyu. Manhajojin kwaikwayo, wato masu mayar da kwamfuta ta yi aikin tsohon injin gem, kamar PCSX2 na PlayStation 2 da RetroArch mai ɗaukar injuna iri-iri, ba su cika wannan tsaurin ba, domin suna barin mai wasa ya nuna musu kowane maɓalli da kansa.

Gwanayen wasa sukan koka da jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin ɗan wasa ya buga ƙwallo. Lissafin ba shi da wuya: a tsarin talabijin na PAL, wanda Najeriya ta bi, hoto 50 ake nunawa a sakan, kowanne yana cin kashi 20 cikin 1,000 na sakan, kwamfuta kuma tana iya tambayar adafta mai kyau sau 1,000 a sakan, marar kyau kuwa sau 125 ko ƙasa da haka. Akwai bambanci, amma bai kai tsawon hoto ɗaya ba, kuma sau da yawa sabon talabijin mai shafaffen allo, wanda ke tsayawa gyara hoto kafin ya nuna shi, ya fi adaftar laifi. Irin wannan jinkiri na allo ne ma ya kashe bindigar harbin agwagwa da ke zuwa da kwaikwayon Famicom, domin ita hasken tsohon talabijin mai ƙeya take karantawa a daidai lokacin da aka ja kunama, kuma adaftar USB ba ta da abin da za ta yi a kan wannan.

Ribar aikin a Bauchi ta fi ƙarfin sha'awar tuna baya, wadda ita ce ke jan Turawa zuwa gare shi. Kwamfutar cinya tana da batir, don haka ɗaukewar wuta ba ta yanke wasa a tsakiya, ba ta buƙatar faifai da ido mai gajiya, kuma asalin hannun Sony ko da ya shekara 20 yakan fi sabon jabu daɗin riƙo da juriya. Ba za a ce wannan zai rage tan miliyan 62 na sharar lantarki da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta tara a 2022 ba, amma yana hana sayen sabon abu alhali tsohon bai mutu ba. Batun kofen wasannin da ake lodawa dabam ne, yana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta sabunta da dokar 2022, kuma halaccin adafta bai halatta shi ba.

Aikin mai gyara

Kafin a kai ga tafinta, sai hannun ya warke. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai ɗigon baƙin gawayi wanda ke haɗa layuka biyu a kan fanel idan aka danna, kuma ƙurar hunturu da gumin hannu su ne ke rufe wurin har maɓalli ya riƙa ƙin ji, maganinsa kuwa auduga da sifirit ne, ba fetur ba, domin fetur yana cin roba. Cuta ta biyu ita ce tsinkewar waya a wuyan igiya, inda take shiga jikin hannun, kuma mitar gwajin wuta ce ke gano ta. Hannayen kwaikwayon Famicom sukan zo da ƙwaƙwalwa da aka binne a ƙarƙashin ɗigon baƙin danƙo maimakon ayisi mai ƙafafu, wadda in ta mutu ba ta sauyuwa.

Wanda bai sami adafta ba yana iya ƙera ta. Allon Arduino Leonardo na 2012 da ƙananan danginsa suna ɗauke da ayisi mai lamba ATmega32U4, wanda ke iya gabatar da kansa a matsayin na'urar HID kuma yana aiki da bolt 5, daidai da bukatar Sega da Nintendo, shi kuma Raspberry Pi Pico, da ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, da bolt 3.3 yake aiki, wanda ya fi dacewa da PlayStation. Manhajar da za a loda musu tana nan kyauta a intanet. Matasan da ke sauya wa wayar salula wurin caji da narkakkiyar dalma a kasuwannin Bauchi suna yin aikin da ya fi wannan laushi kullum, abin da ya rage musu shi ne zanen da ke nuna aikin kowace ƙafa, wanda kusan duk da Turanci aka rubuta shi. Ga ɗalibin injiniyan lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, da wuya a sami darasin farko da ya fi karanta hannun Nintendo, tun da wayoyi uku ne na magana kuma sakamakon yana bayyana a allo nan take. Mai hankali ba ya yanke igiyar hannu na asali, soket yake cirowa daga jikin mataccen injin ya like shi a kan allon.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fulogi mai ƙafa tara, domin a nan ne kama da wane ba ta wane. Atari da Sega da kwaikwayon Famicom da yawa duk siffa ɗaya suka ɗauka, kowanne yana shiga ramin ɗan'uwansa, amma a Atari ƙafa ta 7 ce ta wuta, a Sega ta 5 ce, a da yawa daga cikin kwaikwayon Famicom kuma ta 6 ce, wadda a wajen Sega ƙafar saƙo ce. Hannun kwaikwayon Famicom da aka cusa a adaftar Sega ba zai yi aiki ba, kuma wutar da ta bi ƙafar da ba tata ba tana iya ƙona ayisi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙofar siriyal ta bayan tsofaffin kwamfutocin tebur, da igiyar da ke mayar da ita USB wadda ake samu a shagunan kwamfuta, su ma ƙafa tara gare su, hannun Sega yana shiga cikinsu daram, alhali tsarinsu wani ne dabam mai wutar da kan kai bolt 12. Rubutun da ke jikin roba ba abin dogaro ba ne, tun da an ƙera hannayen Famicom da yawa a siffar na Sega ko na PlayStation. Duk wanda ya tsinci hannu mai ƙafa tara a Wunti, kafin ya jona shi da komai ya kwance bayansa ya ƙirga wayoyin da suka sauka a kan fanel: idan tara ne na Sega ne, idan biyar ne harshen Nintendo yake yi, ko da me aka rubuta a jikinsa.